Daga Murjanin Teku Zuwa Tafkin Bakolori: Yadda Halin Ruwa Ke Zaɓen Mazaunansa

Gabatarwa

Duk masuncin da ya san sana'arsa ba ya jefa taru a inda ya ga dama. Ya san cewa tarwaɗa tana son taɓo da ruwan da ya kwanta, giwan ruwa kuwa sai a zurfi, gaiwa kuma ko tafki ya ƙafe tana nan ƙarƙashin laka tana jiran damina. Wannan sani da masunta suka gada kaka da kakanni shi ne harsashin wani babban reshe na ilmin halittu, wato nazarin dangantakar da ke tsakanin rayayyun abubuwa da muhallinsu. Ƙa'idar da wannan reshe ya ginu a kanta ita ce: halin ruwa, wato zafinsa da haskensa da gishirinsa da gudunsa da abin da ya narke a cikinsa, shi ne ke yanke hukuncin irin halittun da za su zauna a cikinsa da kuma yawansu.

A cikin wannan darasi za mu duba ƙa'idar a wurare biyu masu nisa da juna. Na farko shi ne kewayen tsibiran ƙasashe masu zafi, inda murjani mai laushi ke rayuwa. Na biyu kuwa shi ne tafkin Bakolori da magudanansa, waɗanda ɗalibai a Damri da Bakura da Talata Mafara da Maradun suka sani sarai. Manufar ita ce mai karatu ya ga cewa dokar da ke mulkin teku ita ce ke mulkin kududdufin bayan gari, kuma saninta na iya tsare lafiyar yara da abincin iyali.

Mene ne Murjani?

Hausawa sun daɗe da sanin murjani a matsayin jan dutsen ado da mata ke ratayawa a wuya ko su ɗaura a hannu. Murjanin asali yana fitowa ne daga Bahar Rum, kuma fatake sun daɗe suna shigo da shi ƙasashen Afirka ta Yamma. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan dutse ƙashin dabba ne. Har malaman Turai sun daɗe suna ɗaukarsa tsiro, sai a shekarun 1720 wani likita Bafaranshe mai suna Jean-André Peyssonnel ya nuna cewa abin da ake zaton furanni ne a jikinsa ƙananan dabbobi ne masu motsi da cin abinci.

Kowace ɗaya daga waɗannan ƙananan dabbobi tana da siffar 'yar jaka, da baki guda a sama, kewaye da wasu 'yan yatsu masu harbi waɗanda take kama abinci da su. Dubbansu ne ke manne da juna su zama gungu ɗaya. Ɗaliban da suka karanta darasin haidira, 'yar dabbar nan ta ruwan daɗi da ke manne wa ganyen tsirrai a tafkuna, sun riga sun san tsarin, domin haidira da murjani dangi ɗaya ne.

Murjani ya kasu gida biyu manya. Akwai mai tauri, wanda yatsunsa shida ne ko ninkin shida, wanda kuma ke gina wa kansa ƙashin farar ƙasa, wato sinadarin kalshiyam kabonet. Shi ne ke tara tuddan duwatsu a teku, irin wanda ya miƙe kimanin kilomita 2,300 a gaɓar arewa maso gabashin Ostireliya. Akwai kuma mai yatsu takwas cif, kowane yatsa da 'yan rassa kamar gashin tsuntsu. A wannan gida na biyu ne ake samun murjani mai laushi, wanda ba ya gina dutse, sai dai 'yan ƙayoyin farar ƙasa da ke warwatse cikin tsokarsa suna tallafe shi. Wani kamar naman kaza, wani kamar fatar da aka jeme, wani kamar bishiya, wani kamar mafici. Masana sun ƙidaya ire-irensa fiye da 3,000. Jan murjanin ado ma, duk da taurinsa, ɗan wannan gida ne mai yatsu takwas.

Akwai wani bambanci kuma da ya kamata ɗalibi ya riƙe, domin sauran bayanin ya rataya a kansa. Wasu ire-iren murjani mai laushi, irin su Sarcophyton da Sinularia da Lobophytum, suna ɗauke da ƙwayoyin gansakuka masu rai a cikin tsokarsu. Gansakukar tana haɗa abinci da hasken rana kamar yadda ganyen dawa ke yi, ta ba murjanin kaso mai yawa, shi kuma ya ba ta mafaka da taki. Wasu kuwa, irin su Dendronephthya, ba su da wannan baƙuwa, saboda haka sai su tace abincinsu daga ruwan da ke wucewa. Na farko manomi ne mai jiran rana, na biyu kuwa masunci ne mai jiran igiyar ruwa.

Abubuwa Shida da Ke Tsara Zama

Murjani ba shi da ƙafa. Inda tsutsarsa ta manne tun tana ƙarama, nan zai rayu ko ya mutu. Wannan ne ya sa ya zama ma'auni mai kyau na halin ruwa: ba ya iya gudu idan abubuwa suka ɓaci.

Na farko shi ne haske. Hasken rana yana raguwa da zurfi, kuma laka da ke yawo a ruwa tana daɗa rage shi. Saboda haka murjani mai ɗauke da gansakuka ya fi yawa a ruwa garau marar zurfi, wanda ba shi da ita kuwa ana samunsa a zurfi da bakin kogo da ƙarƙashin dutse. Bayan tare haske, laka tana sauka a jikin dabbar ta toshe mata baki, kuma tana rufe dutsen da ƙananan tsutsotsi za su manne.

Na biyu shi ne zafi. Murjanin ƙasashe masu zafi ya fi walawa tsakanin digiri 23 zuwa 29 a ma'aunin Salshiyos. Idan zafin ruwa ya ɗara abin da aka saba a watan da ya fi zafi da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe makonni, sai murjanin ya kori gansakukar da ke jikinsa, ya yi fari fat, ya shiga yunwa. An ga wannan annoba a tekunan duniya a 1998, aka sake ganinta da tsanani a Ostireliya a 2016.

Na uku shi ne gudun ruwa. A 1995 Katharina Fabricius da abokan aikinta suka bayyana cewa Dendronephthya na Bahar Maliya yana rayuwa ne a kan ƙananan tsirrai masu yawo a ruwa, kuma girmansa ya dogara ga ƙarfin igiyar da ke kawo masa su. Murjani mai siffar mafici, wanda ya cika tsibiran Karebiyan, yakan girma ne yana fuskantar igiyar ruwa, kamar yadda masunci ke gitta taru a kan hanyar kifi. Gudun ruwa har ila yau yana share laka daga jikin dabbar.

Na huɗu shi ne gishiri. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Idan ruwan daɗi ya kwararo da yawa ya tsinka wannan gishiri, sai ruwa ya riƙa shiga ƙwayoyin jikin dabbar har su kumbura su fashe. A 1991 kogin Fitzroy na Ostireliya ya yi ambaliya, ruwansa ya mamaye kewayen tsibiran Keppel, ya kashe murjani mai yawa a wuraren da ba su da zurfi.

Na biyar shi ne taki. Sinadaran naitirojin da fosfaras, waɗanda manomi ke saye a buhun takin zamani, idan suka yi yawa a ruwa sai ciyawar ruwa da gansakuka su yi toho su danne komai. A gaɓar Kaneohe ta tsibiran Hawai an daɗe ana zuba ƙazantar gari a teku, har wata koriyar ciyawa ta rufe murjani. Da aka karkatar da bututun ƙazantar a 1977 da 1978, sai ruwan ya washe, ciyawar ta ragu, murjani ya fara farfaɗowa.

Na shida shi ne tsami. Teku tana zuƙe wani kaso na iskar kabon dayoksaid da injuna da motoci ke fitarwa, wannan kuwa yana ƙara mata tsami. Ma'aunin tsamin saman teku, wanda ake rubutawa pH, ya sauko daga kimanin 8.2 zuwa 8.1 tun farkon zamanin masana'antu. Tsami yana wahalar da duk dabbar da ke gina farar ƙasa. A tsibirin Iwotorishima na Japan, inda wannan iska ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin teku, wani bincike da aka buga a 2013 ya nuna cewa murjani mai tauri ya mamaye inda ruwa yake daidai, mai laushi ya karɓe inda tsamin ya ɗan ƙaru, inda ya yi tsanani kuwa babu ko ɗaya.

Darasin Tsibirai

Idan aka haɗa waɗannan abubuwa shida, za a fahimci dalilin da ya sa tsibiri guda kan sami murjani iri-iri a ɓangarorinsa. Gefen da ke fuskantar iska da raƙuman ruwa daban, gefen da ke lafe daban, bakin rafi mai kawo laka kuma daban. A 2010 Glenn De'ath da Fabricius suka wallafa nazarin da suka yi a kan tuddan murjanin Ostireliya, inda suka gwada halin ruwa da yawan ire-iren halittu. Sun tarar cewa duk inda ruwa ya ƙara duhu da taki, ire-iren murjani mai tauri da na mai laushi mai dogaro da haske suna raguwa, ciyawar teku tana ƙaruwa, murjanin da ke tace abinci kuwa bai ragu ba.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na ɗaya, yawan halittu daban, yawan ire-irensu daban. Ruwan da ya gurɓata zai iya cika maƙil da halitta iri ɗaya ko biyu masu juriya, alhali sauran sun ɓace. Gonar da ƙuduji ya cika ma ai tana da tsirrai da yawa, amma ba wanda zai ce ta yi albarka. Na biyu, sauyin ruwa ba ya kashe kowa: yana rage wasu ne ya ɗaukaka wasu. Tambayar da masanin halittu ke yi kullum ita ce, wa ya tafi, wa kuma ya zo?

Ina Ruwan Zamfara da Teku?

Mai karatu na iya cewa, to mu da muke ɗaruruwan kilomitoci daga teku, ina ruwanmu da murjani? Amsa ta farko tana cikin taswira. Kogin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya cika tafkin Bakolori, ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato, ya bi ta Argungu da Birnin Kabi ya faɗa Kwara, Kwara kuma ta zuba a tekun Atilantika. Ke nan wani ɓangare na ƙasar da ruwan sama ke kwashewa daga gonakinmu yana ƙarewa ne a teku. Yawan ruwan daɗi da laka da manyan koguna irin su Kwara ke zubawa yana daga cikin dalilan da suka sa babu manyan tuddan murjani a gaɓar Nijeriya, alhali akwai su a Bahar Maliya, wadda babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta.

Amsa ta biyu tana ƙarƙashin ƙasa. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, wani reshen teku marar zurfi ya taɓa rufe yankin Sakkwato. Farar ƙasar Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita, ta taru ne daga ɓawon halittun wannan teku, kuma har yau ana tsintar burbushinsu a cikinta. An kuma tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku wanda ya rayu tun kafin wannan lokaci, aka raɗa masa suna Goronyosaurus saboda garin Goronyo. Da ruwan ya janye, mazaunansa suka tafi tare da shi.

Bakolori: Ranar da Kogi Ya Zama Tafki

An fara gina madatsar Bakolori a 1974, aka kammala a 1978, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. An tsara ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450 domin noman rani a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Aikin ya kawo noman shinkafa da kayan lambu a lokacin da dā gonaki ke bushe. Ya kuma zo da raɗaɗi, domin an tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu, kuma taƙaddamar diyya ta kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980.

Ta fuskar ilmin halittu, madatsar ta mai da kogi guda ya zama muhalli uku.

Muhalli na farko shi ne tafkin kansa. Ruwan da dā ke gudu a damina ya ja baya da rani, yanzu ya tsaya cik shekara duka. Da ruwa ya tsaya, laka sai ta kwanta a ƙasa, tana cike tafkin sannu a hankali. A lokacin bazara saman ruwa yakan ɗumama ya yi sauƙi, ya zauna a kan ruwan ƙasa mai sanyi da nauyi, ba sa gauraya. Ruɓaɓɓun ganyaye da ke ƙasa suna cinye iskar oksijin da ke can, babu kuma hanyar da sabuwa za ta sauka. Sai hunturu ya zo, saman ya huce ya nutse, sannan ruwan ya juya. Ya kamata a tuna cewa ruwan zafi ba ya riƙe iska kamar na sanyi: a digiri 20 lita ɗaya tana iya riƙe oksijin kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa kimanin 7.5 ne kawai. Wannan ne ke raba kifaye. Tarwaɗa tana da wata gaɓa ta musamman a bayan kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, gaiwa kuma huhu gare ta, don haka ƙarancin oksijin bai cika damunsu ba. Giwan ruwa ba shi da wannan gata. Ƙarfasa kuwa, mai cin gansakuka da haƙa gurbin ƙwai a gaɓa marar zurfi, takan ji daɗin ruwan da ya kwanta.

Muhalli na biyu shi ne fadamar da ke ƙasa da madatsar. Kifaye da yawa na kogunanmu suna jiran cikowar ruwan damina ne su bazu cikin fadama su yi ƙwai, 'ya'yansu su yi kiwo cikin ciyawa kafin ruwa ya janye. Masanin labarin ƙasa W. M. Adams ya yi nazarin kwarin kogin Sakkwato bayan gina madatsar, ya wallafa sakamakon a 1985. Ya nuna cewa ambaliyar shekara-shekara ta ragu, manoman fadama da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, kamun kifi kuma ya ja baya. Ruwan bai ƙare ba, lokacinsa da yawansa ne suka sauya, wannan kuwa ya isa ya sauya rayuwar kifi da ta masunci.

Muhalli na uku shi ne magudanan ban ruwa da kwatamin da ke kwashe ragowar ruwa daga gonaki. Nan ruwa ne marar zurfi, mai ɗumi, mai tafiya a hankali, mai ɗauke da takin da ya zuraro daga gona. Abin da ya faru a Kaneohe shi ke faruwa a nan: kainuwa da gansakuka da kacala sukan yi toho su toshe hanya. Mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun ga yadda kacala ta mamaye magudanansu bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sa ruwa ya daina ƙafewa da rani. A wannan muhalli na uku ne baƙon da ya fi hatsari ke samun masauki.

Dodon-Koɗi da Tsargiya

Tsargiya, wato fitsarin jini, cuta ce da wata tsutsa ke haddasawa, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Tsutsar ba ta iya tashi daga mutum zuwa mutum kai tsaye. Dole sai ta bi ta jikin wani ƙaramin dodon-koɗi na ruwan daɗi. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga dodon-koɗi irin Bulinus, su hayayyafa a cikinsa makonni kaɗan, sannan su fito dubbai suna iyo. Duk wanda ya shiga ruwan, wanka ko wanki ko dashen shinkafa, sai su huda fatarsa su shiga jini. Wani irin dodon-koɗin kuma, Biomphalaria, shi ke ɗauke da tsutsar da ke kama hanji da hanta.

Wasu na ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro namiji. Wannan kuskure ne mai tsada. Cutar tana jawo ƙarancin jini da kasala da rashin fahimtar karatu, idan ta daɗe kuma tana lalata mafitsara da ƙoda, tana iya kaiwa ga ciwon daji na mafitsara. 'Yan mata ma suna kamuwa, kuma takan taɓa musu mahaifa. Akwai maganinta, firazikwantel, wanda ake rabawa a makarantu, amma yaron da ya sha magani ya koma ruwan nan zai sake kamuwa.

Shi dodon-koɗin, kamar murjani, halin ruwa ne ke zaɓa masa mazauni. Yana son ruwan da ke tsaye ko mai tafiya a hankali, domin ruwa mai ƙarfi yana ɓamɓare shi. Yana son ganyayen ruwa, irin su bado, inda yake kiwo ya kuma manna ƙwansa. Yana buƙatar kalshiyam domin gina ɓawonsa. Ba ya jure gishiri. Wasu ire-iren Bulinus suna iya binne kansu a laka su yi barcin rani har ruwa ya dawo, amma da yawa kan mutu a wannan hali. Idan ruwa ya daina ƙafewa, wannan ragin na shekara-shekara ya tafi ke nan.

Abin da ya faru a Sanigal ya isa ishara. A 1986 aka kammala madatsar Diama kusa da bakin kogin Sanigal domin hana ruwan gishiri hawowa da rani. Ruwa ya zama na daɗi shekara duka, ciyawa ta yi yawa, kuma wani jatan lande na kogi mai cin dodon-koɗi, wanda sai a ruwa mai gishiri-gishiri yake hayayyafa, ya rasa hanyar wucewa. A 1988 aka fara ganin tsargiyar hanji a garin Richard-Toll, cikin 'yan shekaru kuma ta zama annoba. Sauyi guda a halin ruwa ya kori maƙiyin dodon-koɗi, ya kuma shimfiɗa masa tabarma.

Wannan ba ya nufin noman rani abin gudu ne. Yana nufin magudanar da aka share ta daga ciyawa, aka bar ruwa na gudu a cikinta, aka kuma riƙa busar da ita lokaci-lokaci, ba ta tara dodon-koɗi kamar wadda aka yi watsi da ita. Haka nan masai a makaranta da bakin gona yana yanke hanyar ƙwai zuwa ruwa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Aikin Gwaji Domin Ɗalibai

Malamin da ba shi da ɗakin gwaje-gwaje zai iya koyar da wannan darasi da kayan da ke hannu. A zaɓi wurare uku kusa da gari: kududdufi, magudanar ban ruwa, da bakin rafi. A nemi izinin shugaban makaranta da mai unguwa, a tafi a ƙungiya da rana. Sharaɗi mafi girma shi ne, kada ɗalibi ya sa hannu ko ƙafa tsirara cikin ruwan. A yi aiki daga gaɓa da safar roba da ludayi mai dogon mariƙi.

1. Haske. A sami murfin gwangwani mai faɗin santimita 20, a raba shi huɗu, a shafa farin fenti da baƙi bi da bi, a ɗaura masa igiya da ɗan dutse a ƙasa. A zura shi a ruwa har ya ɓace wa ido, a auna tsawon igiyar da ta jiƙe. Wannan faifai Angelo Secchi ne ya fara aiki da irinsa a 1865, kuma masana suna amfani da shi har yau.

2. Laka. A cika kwalba garau da ruwan kowane wuri, a ajiye kwana ɗaya, a auna kaurin abin da ya kwanta.

3. Zafi. A auna da ma'aunin zafi da ƙarfe 8 na safe da kuma ƙarfe 2 na rana.

4. Gudu. A auna mita 10 a gaɓa, a jefa guntun kara, a ƙidaya daƙiƙoƙin da ya ɗauka. A raba 10 da adadin daƙiƙoƙin, abin da ya fito shi ne gudun ruwa a mita cikin daƙiƙa.

5. Tsami. A jiƙa zoɓorodo a tace. A ɗiga shi a ruwan lemon tsami, za a ga ya yi ja wur. A ɗiga a ruwan kanwa, za a ga ya juya zuwa kore-kore mai duhu. Sannan a gwada ruwan wuraren uku a kwatanta da waɗannan biyu.

6. Mazauna. A ɗebo sau 10 da rariya a kowane wuri, a zuba a farin faranti, a ƙidaya iri nawa aka gani da kuma yawan kowane iri: dodon-koɗi, tsutsar sauro, tsutsar mazari, talibambam, ƙananan kifaye.

A rubuta sakamakon a jadawali, a maimaita a watan Agusta da Disamba da Afrilu. Makarantar da ta riƙe wannan littafi shekara biyar za ta mallaki tarihin ruwan garinta, wanda zai amfani ma'aikatan lafiya da na gona.

Kammalawa

Mun ga cewa haske da zafi da gudu da gishiri da taki da tsami su ne ke raba wa murjani mai laushi mazauni a kewayen tsibirai, kuma su ɗin ne ke raba wa kifi da ciyawa da dodon-koɗi mazauni a Bakolori. Duk lokacin da ɗan Adam ya datse kogi, ko ya sare itatuwan gaɓa, ko ya zuba taki fiye da kima, to ya sake rabon gidaje a cikin ruwa, kuma sakamakon zai iske shi a tarunsa ko a gonarsa ko a jikin ɗansa. Ɗalibin da ya iya auna ruwa ya kuma karanta mazaunansa zai iya hango wannan sakamako tun kafin ya iso.

Tambayoyi

1. Kawo bambanci biyu tsakanin murjani mai tauri da mai laushi.
2. Me ya sa laka ta fi cutar da Sarcophyton a kan Dendronephthya?
3. Bayyana dalilin da ya sa tarwaɗa ke rayuwa a ruwan da giwan ruwa ba zai iya ba.
4. Guntun kara ya ci mita 10 cikin daƙiƙa 50 a wata magudana, a wata kuma cikin daƙiƙa 12. Lissafa gudun kowace, ka faɗi wadda za a fi samun dodon-koɗi a cikinta da dalilinka.
5. Zana zagayen rayuwar tsutsar tsargiya, ka nuna wurare uku da jama'ar garinku za su iya yanke shi.